Ƙera Kayan Ƙarfe Daga Gari da Hasken Leza: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa sun san firintar 3D mai narka roba ta fitar da ɗan kayan wasa ko murfin waya. Akwai wata 'yar uwarta da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba, wadda garin ƙarfe take narkawa da leza, wato haske mai ƙarfi da ake tarawa wuri guda. Ga amsoshin tambayoyin da masu walda, kanikawa da ɗaliban injiniya suka fi yi a kanta.

Da gaske haske kaɗai yana iya mayar da gari ya zama dunƙulallen ƙarfe?

Ƙwarai. Ƙarfin lezar da ke cikin yawancin waɗannan injuna tsakanin wat 200 ne zuwa 1,000, wato wani ma bai kai wutar da dutsen guga ke ci ba. Sirrin yana wajen tara hasken. Ana matse shi gaba ɗaya a kan ɗigon da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kusan kaurin silin gashi. Zafin da ke taruwa a wannan ɗan wuri ya isa ya narka taitaniyom, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668.

Wanda ya iya walda ya riga ya fahimci rabin maganar. Abin da injin yake yi walda ce, amma siririya ƙwarai, layi kusa da layi, hawa a kan hawa, har kayan gaba ɗayansa ya zama ɗinkin walda tun daga gindi har kai.

To yaya aikin yake tafiya a cikin injin?

Ana farawa ne a kwamfuta. Mai zane ya zana kayan da duk ɓangarorinsa, wata manhaja kuma ta yayyanka zanen zuwa faifai-faifai masu kaurin milimita 0.02 zuwa 0.06, ta tsara hanyar da hasken zai bi a kan kowanne.

A cikin injin akwai ɗaki rufaffe, a tsakiyarsa faranti mai kauri na ƙarfe. Kafin a fara komai sai an kori iskar da ke ɗakin, an cika shi da iskar agon ko naitirojin, har oksijin ɗin da ya rage ya gaza kashi 0.1 cikin ɗari. In ba a yi haka ba, ƙarfen da ya narke zai sha oksijin ya ƙone, kayan ya fito da gautsi.

Daga nan wata doguwar wuƙa ta bi ta kan farantin ta shimfiɗa gari fele-fele. Madubai biyu ƙanana, masu juyawa da saurin da ido ba ya bi, su riƙa karkata hasken yana zana siffar faifan farko a kan garin. Inda ya taɓa ya narke ya manne da farantin, inda bai taɓa ba ya zauna a garinsa. Ɗigon hasken kan yi gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa. Wanda ya leƙa ta gilashin ƙofar ba zai ga hasken kansa ba, domin irin wanda ido ba ya gani ne. Tartsatsi kawai zai ga yana ta zarya a kan toka-tokan gari, da ɗan hayaƙi baƙi da iskar agon ke kwashewa gefe guda don kada ya tare wa hasken hanya.

Da an gama wannan faifan sai farantin ya sauka ƙasa da kaurin faifai ɗaya, wuƙar ta sake shimfiɗa gari, hasken ya sake bi. Kowane zagaye yana narka sabon garin tare da ɗan saman abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa hawa-hawan suke zama jiki ɗaya. A ƙarshe kayan yana binne cikin gari, ba a ganin komai sai an tono shi.

Garin ƙarfen irin wanda ake samu a ƙarƙashin injin gurza ƙarfe ne?

A'a, wannan ko kusa ba zai yi ba. Ana buƙatar gari mai tsabta wanda kowace ƙwayarsa mulmulalliya ce, girmanta galibi tsakanin milimita 0.015 zuwa 0.045 ko sama da haka kaɗan. Dalilin mulmulewar mai sauƙi ne: zuba gero a faifai ka karkata shi, zai gangara ya baje daidai, amma tsaki sai ya cije wuri guda ya bar gurabe. Duk gurbin da aka bari a shimfiɗa, rami zai zama a cikin ƙarfen.

Hanyar da aka fi bi wajen yin sa ita ce a narka ƙarfen, a sako shi siriri ta wata ƙaramar kafa, a buge shi da iskar agon ko naitirojin mai tsananin matsi. Ya fashe zuwa ƙananan ɗigo, su daskare tun suna cikin iska, sannan a tankaɗe a ware girman da ake so. Kamfanonin Höganäs da Sandvik na Suwidin da Carpenter na Amurka suna cikin sanannun masu yin sa.

Garin da bai narke ba ana tankaɗe shi a sake amfani da shi, sai dai ba har abada ba. Na taitaniyom musamman yana ƙara shan oksijin a duk zagaye, don haka masu yin kayan jirgi da na asibiti suna auna shi suna rubuta tarihin kowace gwangwani.

Su wa suka ƙirƙiro wannan fasaha?

Tushenta biyu ne. A tsakiyar shekarun 1980, wani ɗalibi mai suna Carl Deckard da malaminsa Joe Beaman a Jami'ar Teksas da ke Austin suka fito da dabarar manna gari da leza hawa-hawa, kuma da garin roba aka fi yin aikin a lokacin. Narka garin ƙarfe zalla har ya zama ruwa kuwa ya samo asali ne a 1995 a cibiyar Fraunhofer ta binciken leza da ke Aachen a Jamus, inda Wilhelm Meiners da abokan aikinsa suka yi gwaje-gwajen.

Shi ya sa har yau Jamusawa ke da babban kaso a wannan kasuwa: EOS, wanda Hans Langer ya kafa a 1989 kusa da Munich, da SLM Solutions na Lübeck wanda Nikon na Japan ya saye a 2023, da Concept Laser wanda General Electric ya saye a 2016. Ingila na da Renishaw, ƙasar Sin kuma na da Farsoon da BLT, waɗanda suka karya farashi sosai. In ka ga an rubuta SLM ko DMLS ko LPBF a jikin inji, duk kusan aiki ɗaya ake nufi.

Kowane ƙarfe yana yiwuwa?

Ƙa'idar da ba ta cika kuskure ba ita ce: abin da ya yarda da walda zai yarda da wannan. Ƙarfe marar tsatsa samfurin 316L yana da sauƙin kai. Haka haɗin taitaniyom mai kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom, da haɗin kobalt da kuromiyom, da dangin Inconel masu nikel waɗanda ke jure zafin injin jirgi. A ɓangaren alminiyom, wanda aka fi amfani da shi shi ne mai kashi 10 na silikon, domin nau'o'in da suka fi ƙarfi, irin waɗanda ake yin fukafukin jirgi da su, tsagewa suke yi yayin daskarewa. Ƙarfe mai yawan kabon ma haka yake.

Jan ƙarfe yana da tasa rigimar. Yana mayar da mafi yawan hasken lezar da aka saba amfani da ita, ɗan zafin da ya shiga kuma nan da nan yake watsa shi. Mafitar da kamfanin Trumpf na Jamus ya kawo ita ce leza mai koren haske, wadda jan ƙarfe ke sha sosai.

Ƙarfinsa ya kai na wanda aka zuba ko aka ƙera da guduma?

In an saita injin daidai, kayan kan fito a cike da fiye da kashi 99.5 cikin ɗari, kuma wajen ja ko dannawa yakan kai na zubi, sau da yawa ma ya fi shi. Ɗan ruwan ƙarfen yana hucewa ne da saurin dubban ɗaruruwan digiri a daƙiƙa guda, wannan ke sa ƙwayoyin cikin ƙarfen su fito ƙanana ƙwarai, ƙananan ƙwayoyi kuwa ƙarfi ne.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar tana wajen kayan da zai yi ta girgiza ko lanƙwasa sau miliyoyi, kamar abin da ke cikin inji mai juyawa. Irin wannan kaya daga ɗan ƙaramin aibi yake fara tsagewa, wannan fasaha kuma tana da hanyoyi biyu na barin aibi. In zafin ya yi kaɗan ko hasken ya yi gudu da yawa, wani garin ba zai narke ba, sai a sami gurbi mai kaifin baki tsakanin hawa biyu. In zafin ya yi yawa, ƙarfen ya tafasa, tururinsa ya huda rami mai zurfi cikin ruwan, ramin ya rufta ya kulle kumfa a ciki. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta da faɗi, kuma kowane ƙarfe da tasa. Akwai kuma wani abu: ƙarfin kayan a tsaye ba daidai yake da ƙarfinsa a kwance ba, saboda yadda aka ɗora hawa-hawan. Mai zanen da bai yi tunanin ta wane gefe nauyi zai bi ba, ya bar baya da ƙura.

Mene ne waɗancan siraran sanduna da ake gani a ƙarƙashin kayan?

Matokarai ne, kuma tare da kayan ake buga su. Duk mai walda ya san yadda faranti ke bauɗewa ya ja zuwa gefen da aka yi wa ɗinki. A nan abin yana faruwa sau dubbai: kowane sabon hawa yana hucewa ya tsuke, ya ja na ƙarƙashinsa. Ƙarfin jan kan taru har ya ɓalle kayan daga farantin, ko ya ɗaga gefensa sama wuƙar shimfiɗa ta yi karo da shi, aikin kwana uku ya lalace a nan take. Matokaran suna ɗaure kayan da farantin, suna kuma janye zafi zuwa ƙasa, tunda gari ba ya ɗaukar zafi sosai.

Abin da aka saba bi shi ne duk ɓangaren da ya kwanta ƙasa da kusurwar digiri 45 yana son tokara. Cire su kuwa aikin hannu ne, da filaya da kurfi da zarto, kuma yana cin lokaci da kuɗi. Gwanin zane shi ne wanda ya juya kayan, ya sauya siffar ramuka daga da'ira zuwa mai tsini a sama, har matokaran da ake buƙata suka ragu.

Da injin ya tsaya sai a ɗauki kaya a ɗaura?

Ina! Masu tallar injin ba su cika son wannan tambayar ba. Za a fara zuƙe garin da ya rage, har wanda ya maƙale a cikin hanyoyin ciki. Sannan a sa kayan cikin tanderu tare da farantinsa na wasu sa'o'i don ƙarfin jan nan ya saki. In aka yi garaje aka yanke shi kafin haka, a gaban idonka zai karkace. Bayan nan a raba shi da farantin da zarton inji ko da waya mai yanka da tartsatsin lantarki, a cire matokarai.

Jikinsa yana fitowa da kaushi, don haka duk inda zai haɗu da wani ƙarfe, ko inda za a yi zaren noti, sai an kai shi injin sassaƙa. Kayan jirgi da na jikin mutum kuma sau da yawa ana sa su cikin wata tukunya mai zafi da matsin agon, ga taitaniyom wajen digiri 920 da matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau dubu, don ramukan ciki su rufe. A ƙarshe a ɗauki hoton cikinsa da na'urar CT, mai kama da wadda ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti. Ba abin mamaki ba ne waɗannan matakai su ci kuɗin da ya yi kafaɗa da na bugun kansa.

Yana ɗaukar tsawon wane lokaci?

Yi lissafi da kanka. Kaya mai tsayin santimita 10, a kaurin hawa na milimita 0.03, hawa 3,333 ke nan. In shimfiɗa gari kawai tana cin daƙiƙa 10 a kowane hawa, sa'a tara ta tafi tun ba a ƙirga lokacin narkawa ba. Aikin kwana biyu ko uku abu ne na yau da kullum. Don rage wannan ne ake ƙara yawan leza a inji ɗaya. Akwai na SLM Solutions mai leza 12, kowacce wat 1,000.

Wane abu aka ƙera da shi da ya shiga aiki na gaske?

Misalin da ya fi shahara shi ne kan nozul ɗin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda General Electric da Safran na Faransa suke yi tare, kuma shi ke ɗauke da jiragen Boeing 737 MAX da yawancin Airbus A320neo. Da can wajen guntaye 20 ake haɗawa da walda kafin a sami irinsa. Yanzu guda ɗaya ake bugawa da haɗin kobalt da kuromiyom, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, General Electric kuma ya ce ƙarkonsa ya ninka sau biyar. Masana'antarsa da ke Auburn a jihar Alabama ta Amurka ta kai guda 100,000 a 2021. Abin lura shi ne dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanya: a cikin nozul ɗin akwai karkatattun hanyoyin mai waɗanda babu wani bakin inji da zai iya shiga ya huda su.

Kamfanin roka na Amurka, SpaceX, ya buga ɗakin ƙonewar injin SuperDraco da Inconel, wanda guda takwas ɗinsa ke jikin kumbon Crew Dragon don tsere da 'yan sama jannati in rokar ta sami matsala.

A asibiti, a 2011 likitoci a Holan suka dasa wa wata tsohuwa mai shekara 83 muƙamuƙin ƙasa na taitaniyom wanda kamfanin LayerWise na Beljiyam ya buga daidai da hoton ƙashinta. Yau ana buga ƙoƙon ƙugu da abin tokare ƙashin baya da jiki mai ƙananan ƙofofi kamar soso, don ƙashin mutum ya tsiro ya shiga ciki ya riƙe. Masu haɗa haƙoran roba ma suna cika faranti ɗaya da ɗaruruwan hulunan haƙori, kowacce da siffar bakin mai ita.

Wanda ba a cika ambata ba, alhali ya fi kusa da masana'antun roba irin na Sharaɗa da Bompai a Kano, shi ne mazubin roba. Ramin ruwan sanyaya mazubi da aka huda da inji dole ya tafi a miƙe. Wanda aka buga kuwa yana iya bin lanƙwasar kayan, robar ta huce da wuri, injin ya fitar da kaya da yawa a awa.

Ke nan zan iya buga safayar mota ko ta injin niƙa da ta yi wuyar samu?

Iyawa kam za a iya, amma da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Injin masana'antu kuɗinsa dubban ɗaruruwan daloli ne, manyan su haura miliyan. Kilo ɗaya na gari ya ninka kilo ɗaya na sandar irin ƙarfen sau da yawa. Girman abin da ake iya bugawa ma yana da iyaka: EOS M 290, ɗaya daga cikin injunan da suka fi yaɗuwa, ɗakinsa santimita 25 ne a faɗi, 25 a tsawo, 32.5 a tsayi.

A ganina, duk abin da mai zubi a Panteka ta Kaduna zai iya zubawa a yashi, ko mai injin sassaƙa zai iya fitarwa daga sandar ƙarfe cikin yini ɗaya, ɓarnar kuɗi ce a kai shi wajen leza. Fasahar tana cin riba ne a wurare ƙalilan: in siffar cikin kayan ta gagari sauran hanyoyi, in rage nauyi yana da daraja kamar a jirgi, in kowane kaya daban yake da ɗan uwansa kamar na jikin mutum, ko in tsayuwar wani babban inji na jiran safaya daga waje tana jawo asarar da ta fi kuɗin bugun. Kuma ba kamar zubi ba, a nan guda dubu ba sa sauƙi sosai fiye da guda goma, domin kowanne sai hasken ya bi shi layi-layi.

Ana iya gyara tsohon ƙarfe da ita?

Da wata 'yar uwarta ake yin wannan. Maimakon shimfiɗa gari, ana feso shi ne ta bakin bututu kai tsaye cikin ɗigon da leza ta narka a jikin kayan. Cibiyar Sandia ta Amurka ta yi aiki a kan wannan a shekarun 1990 da sunan LENS. Da ita ake cike bakin fukafukan injin jirgi da suka cinye, da shaf ɗin da ya side, sannan a sassaƙe su koma awonsu. Ta fi sauri kuma ba ta da takurar ɗaki, amma aikinta bai kai na shimfiɗa laushi ba.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma ba daga lezar ya fi zuwa ba, tunda ita a kulle take. Garin alminiyom da na taitaniyom in ya tashi a iska ya haɗu da tartsatsi, ko da na gogayyar tufafi ne, yana iya kamawa ya fashe. Baƙin hayaƙin da ke taruwa a filta ya fi garin ma saurin kamawa, lokacin canza filta kuwa na cikin mafi haɗari a aikin. Irin wannan wuta ba a zuba mata ruwa, ƙara mata ƙarfi yake yi; akwai abin kashe gobara na musamman na ƙarfe, ko busasshen yashi.

Garin nikel da kobalt yana cutar da huhu, don haka takunkumi mai filta da safar hannu dole ne. Agon kuma ba ta da wari ba ta da launi, ta fi iska nauyi. In ta yoyo a rufaffen ɗaki tana kwantawa ƙasa ta kori oksijin, mutum ya faɗi bai san abin da ya same shi ba. Shi ya sa ake maƙala na'urar auna oksijin a ɗakin.

A Afirka fa, akwai masu yi?

Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. Hukumar bincike ta CSIR da kamfanin Aerosud a Pretoria sun haɗa wani inji mai suna Aeroswift, mai lezar wat 5,000, wanda aka tsara ya buga kayan taitaniyom da tsawonsu ya kai mita biyu. Ƙasar na cikin manyan masu haƙo ma'adinin taitaniyom, burinsu shi ne su daina sayar da shi ɗanye. A Bloemfontein kuma, wata cibiya a Central University of Technology ta daɗe tana buga ƙasusuwan fuska na taitaniyom ga marasa lafiyar da ciwon daji ko haɗari ya ɓata wa fuska.

Duk wanda ke tunanin kafa irin wannan a Kano ko Maraɗi, kuɗin injin ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Wuta ba za ta ɗauke ko na minti ɗaya ba har kwana uku, domin in aikin ya tsaya ya huce, wurin da aka ci gaba yakan bar tabo mai rauni. Ana buƙatar agon a kai a kai, da ɗaki mai sanyi marar laima, wanda ƙurar hunturu ba ta shiga. Sai tanderu, da injin sassaƙa, da wanda zai zo gyara in madubi ko leza ta sami matsala.

Mai sha'awar koyo daga ina zai fara?

Daga zane. Ya koyi manhajar zanen injiniya, akwai FreeCAD da ake saukewa kyauta. Ya sami ƙaramar firintar roba ya yi ta gwaji, domin batun juya kaya, tokara da kaurin hawa duk zai gamu da su a can da kuɗi kaɗan. Ya haɗa da ilimin ƙarfe: me zafi ke yi masa, me ya sa wani ke tsagewa, me tanderu ke gyarawa. Wanda ya fito daga shagon walda yana da fifiko a nan, ya riga ya san halin narkakken ƙarfe da idonsa. In zanen ya nuna, ba sai ya mallaki inji ba. Akwai kamfanoni irin su Protolabs da ake tura wa zane ta intanet, su faɗi farashi, su buga su aiko.